Yadda ake haɗa dek ɗin Hamada a wasan Magic, daga takardar kaye zuwa katunan gaske

Wanda ya fara koyon Magic: The Gathering a Yamai, zane ne ke fara kama shi. Ya ga kati mai hoton dodon wuta, ya ga wani mai jarumi da takobi, sai ya tattara duk wanda ya burge shi ya ce ya haɗa dek, wato tarin katunan da zai yi wasa da su. In aka zauna wasa a fada, kafin shayi na biyu ya sauka an gama da shi. Matsalar ita ce katunansa ba su san juna ba, kowanne aikin kansa yake yi. Dek mai jigo, in an haɗa shi da kyau, jigon ne ke ci maka wasan: wannan kati ya ƙara wa wancan ƙarfi, wancan ya share wa na gaba hanya. Shi za mu haɗa a nan, kuma na zaɓi jigon Hamada, don ba na jin akwai wanda ya fi mu cancantar riƙe shi, mu da Tenere ke cikin ƙasarmu.

Ga wanda bai daɗe da shigowa ba: Richard Garfield ne ya ƙirƙiro wasan, kamfanin Wizards of the Coast na Amurka ya fitar da shi a 1993. Kowane ɗan wasa yana farawa da rai 20 da kati bakwai a hannu. Akwai launi biyar, fari, shuɗi, baƙi, ja da kore. Katunan fili su ke ba da mana, wato ƙarfin da kake biya da shi kafin ka sauke halitta ko ka jefa wata dabara, kuma fili ɗaya tak ake saukewa a kowane zagaye. Dek ɗin da aka saba da shi ba ya kasa kati 60, kuma ba a sa kati mai suna ɗaya fiye da huɗu, sai filayen asali irin su Mountain da Forest waɗanda ba su da iyaka.

Tabbatar jigon yana da injin

Kafin ka kashe ko dala, ka yi wa jigonka tambaya ɗaya: akwai katunan da ke ba ni lada saboda na bi shi? In babu, ado ne kawai. Buɗe shafin Scryfall a salularka, kyauta ne, ka rubuta t:desert a wurin nema. Zai jero maka duk filayen da ke ɗauke da nau'in Hamada. Sake rubuta o:desert, sai ya kawo katunan da rubutunsu ke ambaton Hamada. Wannan jeri na biyu shi ne ladan.

Hamada ta daɗe a wasan. Tun a kunshin Arabian Nights na ƙarshen 1993 akwai fili mai suna Desert, har da katin raƙumi. Amma inda abin ya zama jigo sosai shi ne 2017, da Amonkhet da Hour of Devastation, waɗanda aka gina kan siffar tsohuwar Masar, sannan aka sake dawowa kansa a 2024 da Outlaws of Thunder Junction. Daga waɗannan wurare za mu ɗebo kusan komai, kuma mafi yawan katunan ba na tsada ba ne.

Launi biyu, kada ka wuce haka. Kowane launi yana da Hamadarsa, kuma na san zuciya za ta so raƙumin nan fari, Solitary Camel, ta so na baƙi, Wretched Camel. Haƙura. In ka sa launi uku a kati 60, za ka riƙa zama da halitta a hannu kana kallon filayen da ba sa biyan kuɗinta. Ja da kore ne suka fi yawan lada mai nauyi: kore na kawo manyan halittu, ja na ƙone na abokin karawa.

Filaye tukuna

A yawancin dek, filaye ake bari ƙarshe. A nan da su ake farawa, domin su ne jigon kansa. Ayarin da zai tafi Bilma ɗauko gishiri, ruwa da harawa ake fara lissafawa kafin a yi zancen kaya. To filaye su ne ruwan dek ɗinka. Ka ware wuri 24 cikin 60. Da wannan adadi, hannun farko na kati bakwai yakan zo da fili kusan uku, abin da kake buƙata ke nan.

Cikin 24 ɗin, nawa za su zama Hamada? Ga lissafin da ya kamata ka riƙe. In Hamada shida kawai ka sa, damar ka ga ko da ɗaya a hannun farko kashi 54 ce cikin ɗari, kusan wasa ɗaya cikin biyu za ka fara ba jigo. In ka sa 14, damar ta haura kusan kashi 86. Shi ya sa nake cewa 14. Me ya hana a sa 24 gaba ɗaya? Kowace Hamada tana da abin da take karɓa a wurinka, kuma iri uku ne.

Iri na farko su ne masu shigowa a kwance, ba sa aiki sai zagaye na gaba, amma suna ba da launi biyu. Namu shi ne Bristling Backwoods, na 2024: yana ba da ja ko kore, kuma da shigowarsa yana cire wa abokin karawa rai ɗaya. Sa huɗu.

Iri na biyu su ne Desert of the Fervent na ja da Desert of the Indomitable na kore. Su ma a kwance suke shigowa. Amfaninsu shi ne, in suna hannunka kuma ba ka buƙatar fili, sai ka biya mana biyu, ka jefa su maƙabarta, wato gefen da ake tara katunan da aka jefar ko suka mutu, ka zari sabon kati. Kada ka raina wannan, domin da yawa daga cikin katunan lada suna duba ko akwai Hamada a maƙabartarka. Biyu-biyu sun isa. Ka ga masu shigowa a kwance sun zama takwas, kuma nan ne iyakar. In sun wuce haka, kullum kana bayan abokin karawarka da zagaye guda.

Iri na uku su ne makamai: Ramunap Ruins da Hashep Oasis. Suna shigowa a tsaye, amma duk lokacin da ka nemi mana mai launi daga gare su sai ka biya rai ɗaya. Ramunap Ruins, in ka biya mana huɗu, biyu daga ciki ja, ka kwantar da shi, ka sadaukar da Hamada ɗaya, yana cire wa kowane abokin karawa rai biyu. Ƙarfinsa ya kai har aka haramta shi a tsarin Standard, wato tsarin gasa na sababbin katuna, a watan Janairun 2018. Hashep Oasis kuwa, da mana uku da sadaukar da Hamada, yana ƙara wa halitta ɗaya +3/+3, wato uku a ƙarfin duka da uku a juriya, a wannan zagayen. Uku-uku nake sawa. Wasu za su ce huɗu-huɗu, amma rai ɗin da kake biya yana taruwa a hankali, sai ka duba ka ga kai ka ci kanka da rai biyar ba wanda ya taɓa ka.

Sauran goma: Mountain biyar, Forest biyar. Ƙidaya da kanka, za ka samu fili 14 masu ba da ja, 14 masu ba da kore.

Halittu, daga masu lada zuwa masu ɗaukar kaya

Saura wuri 36. Fara da zuciyar dek ɗin, ka ba su huɗu-huɗu. Dalili: kati huɗu cikin 60, damar ganin ɗaya a hannun farko kusan kashi 40 ce kawai. In guda ɗaya ka sa, bai ma kai kashi 12 ba, kamar ba ya nan.

Ramunap Hydra shi ne babba. Mana huɗu, 3/3, yana kai hari ba tare da ya kwanta ba, yana tare masu tashi sama, kuma abin da ya rage na dukansa yana wucewa kan ɗan wasa. Yana samun +1/+1 in kana da Hamada a fili, ya ƙara wani +1/+1 in akwai Hamada a maƙabarta. Wato 5/5 a kan mana huɗu. Na biyu shi ne Outcaster Greenblade, mana uku, 1/2, wanda da shigowarsa yake nemo maka Hamada ko filin asali daga cikin dek ya sa maka a hannu, sannan yana ƙaruwa da +1/+1 kan kowace Hamada da kake da ita. Wannan katin shi ne ke ɗinke komai.

Ga yadda suke tafiya tare. Zagaye na ɗaya ka sauke Bristling Backwoods, abokin karawa ya koma rai 19. Na biyu Forest da ƙaramar halitta. Na uku Hashep Oasis, ka sauke Greenblade. Hamada biyu gare ka, don haka ya tsaya 3/4, ka nemo Desert of the Indomitable ka riƙe a hannu. Na huɗu Mountain, Hydra ya shigo 4/4. Na biyar, ka biya mana biyu ka jefa Hamadar da ka riƙe maƙabarta, ka zari kati, nan take Hydra ya zama 5/5 yana tsakiyar hari, bayan abokin karawa ya riga ya zaɓi wanda zai tare shi. Kati biyar ne suka yi aiki ɗaya. In dek ɗinka ba ya iya irin wannan, jigon bai kama ba tukuna.

Akwai abin lura a nan. Sadaukar da Hamada ta hanyar Ruins ko Oasis yana ciyar da Hydra, amma yana rage Greenblade. Don haka kada ka yi gaggawar ƙone filayenka. Ruins na ƙarshen wasa ne, lokacin da abokin karawa ya sauko rai huɗu ko biyu ya jera masu tsaro ya ɗauka ya tsira.

Bayan su, Sand Strangler uku: mana huɗu, 3/3, in akwai Hamada a fili ko maƙabarta yana dukan halitta ɗaya da uku yayin shigowa. Sidewinder Naga uku, mana uku. Colossal Rattlewurm biyu, 6/5 a kan mana huɗu, wanda in kana da Hamada za ka iya sauke shi ba zato a zagayen abokin karawa. In ka samu fiye da biyu ka ƙara, ka rage Naga. Gilded Cerodon biyu, mana biyar, wanda in ya kai hari kana da Hamada a fili ko maƙabarta yake hana halitta ɗaya tarewa.

Yanzu ka shimfiɗa su a tabarma bisa tsadarsu: masu mana ɗaya a layi, masu biyu a layi, haka har biyar. Za ka ga layin huɗu ya yi tsawo da kati tara, layin ɗaya da na biyu babu kowa. Wannan shi ne ciwon kusan kowane dek mai jigo, domin katunan lada sukan taru a tsakiya. Dole ka cike ƙasa, kuma a nan ne ake gardama. Feral Prowler huɗu ba matsala, daga Hour of Devastation yake, mana biyu, 1/3, in ya mutu ka zari kati. Amma Llanowar Elves fa? Mutanen kurmi ne, ba abin da ya haɗa su da rairayi. Ni dai ina sa su huɗu, saboda suna ba da mana kamar fili, suna sa Hydra ya sauka a zagaye na uku. Akwai masu cewa ko kati ɗaya da ba na Hamada ba ya ɓata dek ɗin, kuma ina girmama wannan ra'ayi, sai dai dek ɗin da ba ya motsi sai zagaye na huɗu ba ya daɗewa a hannun mai shi. Ka ba kanka izinin kati takwas zuwa goma daga wajen jigo, kada su wuce haka.

Halittu sun zama 26. Saura goma. Lightning Bolt huɗu, tsohon katin 1993, mana ɗaya, duka uku ga halitta ko ɗan wasa. Abrade huɗu, mana biyu, ko ya daki halitta da uku ko ya farfasa wani kayan ƙira. Hour of Promise biyu, mana biyar, yana sauke maka fili biyu kai tsaye daga dek, kuma in Hamadarka ta kai uku ya ƙara maka halittu biyu masu 2/2. Kati 60 cif. Kada ka ce bari in ƙara ɗaya ya zama 61. Kowane ƙari yana nisanta ka da Hydra.

Gwada shi a takarda

Wannan matakin a wurinmu ya fi kowanne muhimmanci. Katunan nan daga waje suke zuwa, a jakar ɗan'uwa ko aboki da ke dawowa daga Faransa ko Beljika, kuma in ka yi kuskuren oda sai ka jira wani matafiyin. Saboda haka ba a sayen komai sai an gwada.

Yanke takardar kaye ko kwali mai laushi daidai girman kati, milimita 63 a 88. Rubuta suna, tsada, ƙarfi da taƙaitaccen aikinsa da bik. In kana da hali, ka tara hotunan a shafi ɗaya ka kai wurin masu fotokopi, irin na kusa da jami'ar Abdu Mumuni a Harobanda ko na kartiyenku. Tara ke shiga takardar A4 guda. Zura kowace takarda a rigar leda ta kati tare da tsohuwar karta a bayanta don ta yi kauri. Waɗannan na gwaji ne da wasan gida. Ba a shiga gasar hukuma da su, ba a sayar da su, kuma ka faɗa wa abokan wasanka tun kafin a raba.

Fara kai kaɗai. Cakuɗa sosai, zari bakwai, ka buga zagaye biyar ba abokin karawa, ka sake, kamar sau goma sha biyar. A kowane hannu ka rubuta abu uku a kaye: a wane zagaye na fara sauke halitta, a wane zagaye Hamada ta fara shiga maƙabarta, wane kati ya zauna a hannuna ban iya biyansa ba. Hannun da ya zo da fili ɗaya ko shida, mayar da shi. Dokar da ake bi tun 2019 ita ce ka sake zarar bakwai, ka mayar da ɗaya ƙarƙashin dek. In ka ga Cerodon ne kullum ke kwana a hannu, cire ɗaya. In Hamada ba ta shiga maƙabarta sai zagaye na bakwai, musanya Forest ɗaya da Desert of the Indomitable na uku, ka cire Backwoods ɗaya ka mayar da filin asali don masu kwanciya kada su wuce takwas.

Daga nan sai fada. Ka kara da dek iri-iri, musamman mai shuɗi da fari da ke cika sama da masu tashi, domin nan ne raunin wannan dek: Hydra kaɗai ke tare su, sauran aikin na Bolt da Abrade ne. In ka yi gyara, kati biyu ko uku a lokaci guda, don ka san wanne ya kawo canjin.

Wata magana da ba za a tsallake ba. Dattijo zai wuce ya ga matasa sun dukufa kan katuna, ya ce, "Kai ƴaƴana, karta kuka koma?" Amsar da ta dace ita ce a miƙe a gaishe shi, a ce, "A'a Baba, ba kuɗi a ciki, wasan lissafi ne kamar dara," a nuna masa. Kuma maganar ta zama gaskiya. A farkon Magic akwai dokar da kowa ke ajiye kati ɗaya wanda ya ci ya ɗauke, an daɗe da watsar da ita, kada wani ya dawo da ita tabarmarku ko da sunan wasa. Haka kuma kunshin Amonkhet yana da katunan da aka zana a matsayin gumakan wannan duniyar ta almara. Jerin da na bayar babu ko ɗaya daga cikinsu, kuma dek ɗin bai rasa komai ba. In an kira salla a kife katuna a tashi, ba inda za su je.

Saye da adana

Kada ka sayi fakiti a rufe kana fatan Hydra zai fito. Asarar kuɗi ce, kuma ta yi kama da abin da muka ce ba ma yi. Ɗaiɗai ake saye. A Turai kasuwar da aka fi sani ita ce Cardmarket. Ka tura wa mai sayo maka jerin a rubuce, kowane kati da sunansa na Ingilishi, da alamar kunshinsa, HOU ga Hour of Devastation, OTJ ga na 2024, da adadin da kake so. Ka roƙe shi ya nemi mai sayarwa ɗaya da ke da mafi yawansu, don kuɗin aikawa daga mutum goma zai iya fin kuɗin katunan kansu. In da zaɓi, ɗauki bugun Faransanci, tun da shi mafi yawanmu muka fi karantawa. Haɗa harsuna a dek ɗaya ba laifi ba ne, kuma Scryfall na nuna kowane kati a harsunan da aka buga shi. Ka guji masu ƙyalli, sun fi tsada kuma su ne ke saurin lanƙwashewa in iska ta canza daga bushewar bazara zuwa laimar damina.

A cikin odar ka sa rigunan leda, aƙalla 80, don wasu za su yage. Ƙurar hunturu tana shiga tsakanin katuna ta goge zanen kamar sabulun dutse in ana cakuɗa su tsirara. Kada ka ɗaure dek da roba, tana cin gefe. Ka samu ƙaramin akwati mai murfi. Kada ka bar shi a ƙarƙashin sirdin babur ko cikin mota a zafin Afrilu. A shimfiɗa ƙyalle mai tsabta a kan tabarma, kofin shayi kuma a ajiye shi can gefe.

In kun kai ku huɗu kuna son wasa tare a zama ɗaya, wannan dek ɗin shi ne tushen na Commander, inda ake amfani da kati 100, kowanne guda ɗaya ban da filayen asali, a fara da rai 40. Jagoran da ya dace, wato halittar da ke shugabantar dek ɗin, shi ne Hazezon, Shaper of Sand na 2022, mai ja da kore da fari: yana ba ka damar sake sauke Hamada daga maƙabarta, kuma duk Hamadar da ta shigo tana haifar da mayaƙan rairayi biyu masu 1/1. Filaye su tashi zuwa 37 ko 38, ka ƙara Shefet Dunes, Desert of the True, Abraded Bluffs da Creosote Heath, kuma tun da fari ya shigo, Solitary Camel da Desert's Hold sun samu wuri. Ka sa su cikin oda ɗaya da na farkon, tun da mai zuwa daga Turai ba kullum ake samunsa ba.